Jagorar Binciken Ƙarafa Masu Sarƙaƙƙun Ilaktaron da NMR

Duk shekara sababbin ɗalibai suna shigowa ɗakin gwaji, kuma kusan kurakuransu iri ɗaya ne. Su sami sigina, su karanta lamba a kwamfuta, su fassara ta nan take. Abin da suke mantawa shi ne, babu wata lamba da NMR ke bayarwa a ƙarfe wadda take tsantsa. Kowace a gauraye take zuwa: akwai rabon sifin ɗin ilaktaron, akwai na kewayensa, akwai na tsarin kiristal, akwai kuma na abin da kai mai aunawa ka jawo da hannunka. Tamkar hatsi ne a masussuka, sai an sheƙe an bakace kafin a san yawan tsabar. Wannan jagora ta tsaya ne a kan yadda ake wannan rarrabewa.

Abin da ake nema

A jan ƙarfe ko alminiyam, ilaktaron suna yawo kusan kowa gashin kansa. A wasu ƙarafan kuwa, tunkuɗar juna da suke yi tana da ƙarfi har motsin ɗaya ya dogara ga na sauran. Su ake nufi da ƙarafa masu sarƙaƙƙun ilaktaron: dangin YBa2Cu3O7, da BaFe2As2, da Sr2RuO4, da CeCoIn5. A cikinsu ake ganin maganaɗisu, da sauyin siffar kiristal, da wucewar lantarki ba turjiya, duk suna gogayya a wuri guda.

Cibiyar atam tana da ɗan maganaɗisu nata. Idan aka sa ta a filin maganaɗisu, tana amsa wa igiyar rediyo a wata mita takamaimai, wato wani adadin kaɗawa a daƙiƙa. Wannan shi ne NMR, kuma Felix Bloch da Edward Purcell ne suka nuna shi a 1946. Ilaktaron da ke kewaye da cibiyar suna ɗan sauya filin da take ji, don haka tana ba da labarin mazauninta kaɗai, ba matsakaicin samfur baki ɗaya ba. Ga kuma wata falala: makamashin igiya mai megahaz 100 daidai yake da zafin kusan milikelbin 5. Ke nan NMR na jin motsi mafi rauni da jinkiri na ilaktaron.

Kayan aiki

• Maganaɗisu mai sanyin hiliyam, galibi tesla 7 zuwa 16, wanda filinsa yake bai ɗaya a inda samfur zai zauna.
• Tukunyar sanyi mai saukowa daga kelbin 300 zuwa kusan 1.5. Ƙasa da haka sai na'urar hiliyam-3 ko ta gaurayen hiliyam.
• Sandar gwaji mai ɗauke da kwayil da kafasita biyu, ɗaya ta saita mita, ɗaya ta daidaita da'irar da om 50.
• Na'urar samar da bugun rediyo, amfilifaya mai ƙarfi, da ƙaramar amfilifaya marar yawan hayaniya ta karɓar sigina, tare da da'irar da ke kare ta lokacin bugu.
• Na'urar duba dacewar da'ira, wadda ke nuna yawan wutar da ke dawowa.
• Ma'aunin zafi da filin maganaɗisu ba ya ruɗawa sosai, irin su Cernox.
• Majuyin samfur, idan kiristal guda za a auna.
• Bayanan samfurin: hoton eksire na tsarinsa, turjiyarsa, da karɓuwar maganaɗisunsa a zafi daban-daban.

Tsaro kafin komai

Maganaɗisun nan ba ya mutuwa don an kashe wutar ɗaki. Sifana, almakashi, kujerar ƙarfe ko silindar gas, duk zai fizge su. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kada ya ƙetare layin gaus 5 da ake zanawa a ƙasa. Lita ɗaya ta ruwan hiliyam tana zama iska fiye da lita 700 idan ta ɗumama, don haka in maganaɗisu ya zubar da filinsa farat ɗaya, hiliyam zai kori iskar numfashi. A fita daga ɗakin nan take. A sa safar hannu da tabarau wajen zuba ruwan naitarojin ko hiliyam. Kada a taɓa kwayil amfilifaya na kunne. Samfur mai asenik kuwa guba ne, ba a niƙa shi a sarari.

Mataki na 1: Zaɓi cibiyar da za ta amsa tambayarka

Kuskuren farko shi ne zaɓen cibiyar da ta fi ba da sigina, maimakon wadda ke zaune inda abin yake faruwa. A filin tesla 10, jan ƙarfe-63 na amsawa a kusan megahaz 113, asenik-75 a 73, oksijin-17 a 58, itiriyam-89 a 21. Amma mita ba ita ce magana ba, mazauni ne.

Dubi YBa2Cu3O7. Sifin ɗin atam ɗin jan ƙarfe maƙwabta suna son fuskantar saɓanin juna. Oksijin na zaune daidai tsakiyar biyu daga cikinsu, don haka tasirin ɗaya yana soke na ɗayan. Cibiyar jan ƙarfe tana jin wannan kaɗawa da ƙarfi, ta oksijin da ta itiriyam kusan ba sa jin ta. Wanda ya auna oksijin kaɗai zai ce ƙarfen talaka ne, alhali ba haka ba ne. Duk inda hali ya yi, a auna cibiya biyu a mazauni daban-daban.

A lura da yawan aisotof ɗin ma. Oksijin-17 bai kai kashi 0.04 cikin ɗari na oksijin ba, dole a gasa samfur cikin iskar da aka wadata da shi. Wannan gashi na iya sauya yawan oksijin na samfurin, saboda haka a sake auna zafin da yake sauya hali bayan an gama.

Mataki na 2: Shirya samfur da sanin iyakar shigar igiya

Igiyar rediyo ba ta ratsa ƙarfe, fatarsa kawai take shiga. A jan ƙarfe, a zafin ɗaki, a megahaz 100, zurfin bai wuce maikiron 7 ba, kuma yana raguwa idan aka sanyaya, domin turjiya na faɗuwa. Babban dunƙulen kiristal ba ya nufin babbar sigina. Faɗin fuska ke ƙirguwa, ba nauyi ba.

Hanya biyu ce. Ta farko, siririn kiristal mai faɗi, wanda ke ba ka damar juya shi a fili ka ga bambancin kusurwa. Ta biyu, gari mai ƙwayoyin da ba su fi zurfin shigar igiyar ba. Gari na ba da sigina mai yawa, amma ƙwayoyinsa na fuskantar ko'ina, layuka su baje. Idan maganaɗisun samfurin ya fi ƙarfi ta wata fuska, ana kwaɓa garin da gam irin Stycast 1266 a bar shi ya daskare cikin fili mai ƙarfi, ƙwayoyin su jeru.

Niƙa da ƙarfi na cusa lahani a kiristal, layi ya faɗaɗa, kai kuma ka ɗauka halin samfurin ne. Haka gam mai yawa: yana ƙanƙancewa da sanyi ya matse kiristal, kuma waɗannan ƙarafa ɗan matsi kaɗan ke sauya su. A manna ta gefe ɗaya, da ɗigo ƙarami.

Mataki na 3: Naɗa kwayil ka saita da'ira

A naɗa kwayil ya rungumi samfur sosai, domin duk sararin da ya rage asarar sigina ce. A tabbatar bakinsa ya gitta babban filin, ba ya bi shi ba. A kula da wayar da aka yi amfani da ita. Mai neman siginar jan ƙarfe a samfur, idan ya naɗa kwayil da wayar jan ƙarfe, zai ga layin wayar tsaye a tsakiyar aikinsa. A irin wannan hali ana amfani da azurfa. Haka tef ɗin Teflon na ba da siginar fulorin, gam da man shafawa na ba da ta haidurojin.

Saitin da'ira yana gocewa da sauyin zafi, musamman idan samfur ya shiga halin rashin turjiya ya fara korar fili daga cikinsa. A sake saiti a kowane zafi. A iskar hiliyam mai ƙarancin matsi, kafasita na saurin yin tartsatsi. Alamarsa ita ce sigina mai tsalle-tsalle ba dalili. A rage ƙarfin bugu, kada a ƙara.

Mataki na 4: San filinka, sannan ka nemi sigina

Lambar da ke jikin akwatin wutar maganaɗisu ba ita ce filin da samfur ke ji ba. Abin da za ka auna ɗan kaso ne cikin ɗari, don haka kuskuren kashi 0.05 cikin ɗari ya isa ya rushe sakamako. Ana amfani da ma'auni na cikin gida: layin jan ƙarfe-63 na wayar kwayil, wanda aka san gocewarsa kusan kashi 0.24 cikin ɗari ce, ko ɗan ɓallin alminiyam a gefen samfur.

Bayan bugu mai ƙarfi, na'urar karɓa na kurmancewa na 'yan maikirodaƙiƙa, kuma siginar ƙarfe mai faɗin layi ta riga ta mutu kafin ta farfaɗo. Maganin shi ne amsa-kuwwar sifin da Erwin Hahn ya gano a 1950: bugu na farko ya karkatar da sifin digiri 90, a jira ɗan lokaci, na biyu ya juya su digiri 180, sai siginar ta sake taruwa bayan irin wannan lokacin.

Ba duk abin da ya bayyana ne sigina ba. Kwayil na rawa a cikin fili bayan bugu, ya haifar da ƙara mai kama da ita. Gwaji uku ke raba gardama. A sauya tazarar bugun biyu, amsa-kuwwa ta gaske za ta matsa daidai da haka. A ɗan sauya fili, ta gaske za ta sauya mita. A cire samfur, ta gaske za ta ɓace.

Mataki na 5: Raba maganaɗisu da tsarin kiristal

Bugu ɗaya ba ya rufe fiye da 'yan ɗaruruwan kilohaz, jerin layukan kuwa kan bazu a megahaz da yawa. Sai a bi mita ko fili taki-taki a harhaɗa.

Cibiyar da sifin ɗinta ya wuce 1/2 ba mulmulalliya ba ce, don haka tana jin gangaren filin lantarki da atam maƙwabta ke haifarwa. Wannan shi ne tasirin kwadrupol, kuma shi ne tagar da ake leƙa tsarin kiristal ta cikinta. Cibiya mai sifin 3/2, kamar jan ƙarfe ko asenik, na ba da layi uku: na tsakiya da biyu a gefe. Mai 5/2, kamar oksijin-17, na ba da biyar. Tazarar layukan gefe na faɗa maka yadda caji ya jeru kewaye da cibiyar. Idan mazaunin yana da daidaito kewaye da sanda guda, layukan na haɗewa a kusurwar digiri 54.7, abin da ke taimakawa wajen tabbatar da yadda kiristal ya zauna.

Idan layi ya rabu biyu ko ya faɗaɗa, kada a yi saurin cewa maganaɗisu ne. A auna a fili biyu mabambanta. Gocewar da ta taso daga karɓuwar maganaɗisu tana ƙaruwa daidai da fili. Tazarar layukan gefe ba ruwanta da fili. Turin da kwadrupol ke yi wa layin tsakiya kuwa raguwa yake idan fili ya ƙaru. Wanda ya manta da wannan turi na ƙarshe zai lissafa shi cikin gocewar ilaktaron.

Da irin wannan rarrabewa ne masu bincike a Grenoble ta Faransa suka nuna a 2011 cewa rabuwar layin jan ƙarfe a YBa2Cu3Oy, cikin fili mai tsananin ƙarfi, jeruwar caji ce ba ta sifin ba. A BaFe2As2 kuwa, wajen kelbin 135, asenik-75 na nuna abu biyu tare: layuka na rabuwa saboda filin cikin gida na maganaɗisu, gangaren lantarki kuma na rasa daidaitonsa saboda kiristal ya tashi daga murabba'i ya ɗan miƙe ta gefe ɗaya. Ana kuma iya kashe filin gaba ɗaya a auna kwadrupol zalla, wato NQR. A YBa2Cu3O7, inda jan ƙarfe ke da mazauni biyu, shimfiɗa da sarƙa, jan ƙarfe-63 na shimfiɗa yana kusa da megahaz 31.5, na sarƙa kusa da 22.

Mataki na 6: Gocewar Knight, a raba sifin da kewaye

Walter Knight ya lura a 1949 cewa layin jan ƙarfe a ƙarfe ya goce daga inda yake a gishirinsa. Wannan gocewa, K, kashi biyu ce. Kashin sifin shi ke bin halin ilaktaron masu ɗaukar lantarki, yana kuma iya sauyawa da zafi. Kashin kewaye galibi tsaye yake. Ɗaukar jimillar a matsayin ta sifin shi ne kuskuren da ya fi yawa a rubutun ɗalibai.

Misali mai tsoratarwa: a YBa2Cu3O7, idan fili ya bi sandar c, wadda ta gitta shimfiɗa, gocewar jan ƙarfen shimfiɗa kusan kashi 1.3 cikin ɗari ce, kuma ba ta motsi da zafi. Kusan dukkanta ta kewaye ce, domin tasirin sifin na atam ɗin kansa da na maƙwabtansa huɗu sun kashe juna ta wannan fuskar. Sai an juya fili cikin shimfiɗa ake ganin sifin.

Hanyar rabawa ita ce zanen Clogston da Jaccarino: a jera K a kan karɓuwar maganaɗisu ta samfur, kowane ɗigo zafinsa daban. Idan layi ya miƙe, gangarensa na ba da ƙarfin alaƙar cibiya da ilaktaron, inda ya yanke kuma na nuni ga kashin da ba ya sauyawa. Idan ya karye a wani zafi, a fara zargin ƙazantar maganaɗisu a samfur, wadda ke ɓata awon dunƙule amma ba ta matsar da layin NMR. In an kore wannan, karyewar labari ce, kamar yadda ake gani a CeCoIn5. A kuma gyara lissafi saboda filin da siffar samfur ke haifarwa, musamman a siririn kiristal.

Mataki na 7: Auna T1 da lissafin da ya dace

T1 shi ne lokacin da cibiyoyi ke ɗauka su koma daidai bayan an birkita su. Ana birkita su da bugu, a jira, a duba nawa suka farfaɗo, a maimaita da jira daban-daban, daga gajere ƙwarai har zuwa inda sigina ta daina ƙaruwa. Tsakanin maimaici a bar aƙalla ninki biyar na T1, in ba haka ba za a sami T1 gajere na ƙarya.

Cibiya mai sifin 1/2 tana farfaɗowa da lanƙwasa guda. A layin tsakiya na sifin 3/2, idan maganaɗisu ke jan ragamar, kashi 10 cikin ɗari na farfaɗowa da saurin 1/T1, kashi 90 da saurin 6/T1. Wanda ya yi amfani da lanƙwasa guda zai yi kuskure kusan ninki shida. Layukan gefe da NQR kowanne da nasa lissafin.

Jan ƙarfe na da wata kyauta: aisotof biyu. Idan saurin hucewa, wato 1/T1, na 65 ya fi na 63 da ninki kusan 1.15, kaɗawar maganaɗisu ce sanadi. Idan ya gaza, kusan 0.86, kaɗawar caji ko ta kiristal ce. A kuma riƙa ninka ƙarfin sigina da zafi, bayan gyaran T2, wato lokacin da amsa-kuwwa ke ɗauka ta dusashe. Ya kamata sakamakon ya tsaya cak. In ya faɗi, wasu cibiyoyi sun ɓace daga gani, kuma T1 ɗinka na waɗanda suka rage ne kawai.

Mataki na 8: Haɗa K da T1

Jan Korringa ya nuna a 1950 cewa a ƙarfe na talaka, T1 sau zafi sau murabba'in K adadi ne tsayayye. Amfanin dokar a wurinmu yana inda ta karye. K na auna yadda ilaktaron ke karkata gefe guda baki ɗaya. 1/T1 kuwa, kamar yadda Toru Moriya ya tsara, na tattara kowace irin kaɗawa. Idan hucewa ta fi abin da K ta yi hasashe sauri, sifin maƙwabta na saɓa wa juna. Idan ta gaza, suna son fuskantar gefe ɗaya. Kashin sifin na K kaɗai ake sakawa a wannan lissafi.

Ta wannan hanya aka ga abubuwa manya. Hebel da Slichter sun ga saurin hucewa ya yi tsalle ƙasa kaɗan da zafin da alminiyam ke rasa turjiya, hujja mai ƙarfi ga ka'idar BCS ta 1957 mai bayyana wannan hali. A dangin YBa2Cu3O7 babu wannan tsalle, kuma 1/T1 na faɗuwa kusan daidai da zafi sau uku a kansa. A 1989 Alloul da abokan aikinsa sun ga gocewar itiriyam-89 na raguwa tun can sama da zafin sauyi a samfur mai ƙarancin oksijin, ɗaya daga alamun farko na wani giɓi a makamashin ilaktaron da har yau ake muhawara a kansa.

Mataki na 9: Tabbatar ba ka ɗumama samfur ba

Ma'aunin zafi na faɗin zafin inda yake, ba zafin ilaktaron ɗin samfur a lokacin bugu ba. A ƙasa da 'yan kelbin, bugu ɗaya na iya ɗaga samfur sama da zafin sauyinsa na ɗan lokaci, daidai lokacin da kake aunawa.

Sr2RuO4 na rasa turjiya a kusan kelbin 1.5. Awon oksijin-17 na 1998 ya nuna K ba ta sauya ba a ƙasa da wannan zafi, aka ɗauki hakan hujjar cewa ilaktaron na haɗuwa bibbiyu da sifin masu fuskantar gefe ɗaya. Wannan fahimta ta yi shekara 20 tana jan fagen. A 2019 ƙungiyar Stuart Brown a Los Angeles ta rage makamashin bugu, sai K ta faɗi. Kenji Ishida, wanda ya jagoranci awon farko, ya maimaita da ƙaramin bugu ya tabbatar da sabon sakamakon.

Gwajin ba shi da wuya. A rage makamashin bugu kashi-kashi, ana auna K da T1, har sai sun daina sauyawa. A nan ake aiki, ko da sigina ta yi rauni, tara ta ya ɗauki kwana. A kuma duba saitin da'ira nan da nan bayan bugu: in ya koma irin na sama da zafin sauyi, samfurin ya ɗumama.

Kafin ka rubuta sakamako

Littafin gwajinka ya ƙunshi, ga kowane awo, ainihin fili da yadda aka tabbatar da shi, kusurwar kiristal, tsawo da ƙarfin bugu, tazarar maimaici, layin da aka auna, da lissafin da aka yi amfani da shi. A maimaita wasu ɗigo ana ɗumamawa da ana sanyayawa, domin sauyin tsari kan nuna bambanci tsakanin biyun. Idan da samfur na biyu daga wani gashi daban, a gwada shi. Duk sakamakon da ya ba ka mamaki, ka kai wa wanda ya fi ka daɗewa a ɗakin, tare da ɗanyen bayanan, ka roƙe shi ya nemo inda ya karye. Abin da ya tsira daga wannan shi za ka aika mujalla.